Sun Yi Sallama?

Da sunan Allah muke farawa, Shi da Ya ba mu aron Dalhatu, Ya kuma karɓi abinSa a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Mai girma uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Malam liman da sauran malamanmu, Allah ya ƙara sani. Wakilan ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, malaman jami'a da ɗalibansu, magina da masu ɗori da suka taso daga Aliero, Ardo da jama'arsa daga Kuberi, da baƙinmu masu shirya fim da suka sha hanya. Sai iyalan mamaci: yayansa kuma babban gidansu, Alhaji Ummaru, mai ɗakinsa Hajiya Zulai, wadda takaba ta tsare a gida, amma an ce tana jin mu ta waya, da 'ya'yansa, Iklima da Haidar. Assalamu alaikum.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Gado, tsohon malamin makaranta. Mahaifina da Goggo Yalwa, mahaifiyar su Dalhatu, ciki ɗaya suka fito. Ke nan ni taubashinsu ne, shi da Alhaji Ummaru. Na kuma san dalilin da ya sa aka tsallake masu digiri aka miƙo mini lasifikar nan. Akwai wata magana a ɗakin nan da kowa ke kewayawa, kuma a al'adarmu taubashi ne kaɗai ke faɗin irinta ya kwana lafiya. Zan faɗe ta tun yanzu, don na lura rabin hankalinku yana kan teburin nan.

Akwatin ƙarfen da ke gabana, aikin Dalhatu ne na tsawon rayuwarsa a ciki. Akwai tabarau ɗin da ake sawa a ido, akwai ma'ajiyar da ke ɗauke da hotunan duka, kuma babu kwafinta a ko'ina. Kwaɗon da ke jiki Alhaji Ummaru ne ya sa shi, mabuɗin yana aljihunsa. Ya yarda a kawo akwatin nan a yi wa mai shi addu'a, ya ce da zarar an shafa zai wuce da shi bayan gari ya cinna masa wuta. Haidar ya ce shi ba zai ja da yayan ubansa ba. Iklima kuka kawai take yi. Alhaji kuwa duk mun san shi, ba ya magana biyu. Saboda haka abin da nake da shi daga yanzu ne zuwa fatiha, ku yi haƙuri da ni in na ja magana.

Dalhatu ya kasance, tun muna yara a Aliero, mutum ne da ido ba ya isarsa. Mu in an nuna mana abu mun gani, shi ke nan. Shi sai ya zagaya ya ga bayansa. Shi ne mai huda kwali ya sa fitila a ciki ya tara mu a zaure wai majigi, mu kalli inuwar raƙumin da ya yanka da reza. Alhaji Ummaru a lokacin yana fadama, tun asuba yana ban ruwa. Albasarsa ce ta kai Dalhatu makaranta har ya gama, wannan ko maƙiyi ya sani, kuma Dalhatu bai taɓa tashi a taro bai faɗa ba.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, kowa na rububin kujera a sababbin ofisoshi, sai ga Dalhatu ya sauka a Jega da kyamarar bidiyo a kafaɗa. Biki, suna, saukar karatu, kokawa, duk inda aka taru yana nan yana ja da baya yana taka ƙafafun mutane. Na ce masa, an kai ka makaranta ka dawo maroƙi mai na'ura. Ya yi dariya ya ce in jira ranar aurena, sai ya ɗauko ni ina hamma. Ya kuwa cika alkawari, kaset ɗin yana nan har yau.

Amma ko a lokacin ransa bai kwanta ba. Wata rana muna kallon wani biki da ya ɗauka, ya kashe talabijin ya ce mini, "Gado, wanga ai leƙe na ta taga. Ni ƙohwa nika biɗa." Ban gane ba sai bayan shekaru masu yawa, da ya koma karatu da furfura a gemunsa, ya dawo da abin da yaran garin nan suka raɗa wa suna hoton shiga.

Ga waɗanda ba su taɓa sawa ba: tabarau ne mai kauri da ake ɗaura wa mutum a fuska. In ka sa, ɗakin da kake ya ɓace, ka tsinci kanka tsaye a wani wuri. Ka waiga dama ka ga dama, ka ɗaga kai ka ga rufi, ka taka ka matsa. Ni takunkumin jaki nake ce masa. Ranar da ya fara ɗaura mini, sai na gan ni a tsakiyar rumfar masu albasa, ga amalanke ya nufo ni gadan-gadan. Na yi tsalle na kauce, na faɗa kan tulun ruwansa na gaske. Ya bar ni a jiƙe yana dariya har da riƙe ciki.

Ya kasance mai ɗaukar wasa ya mai da shi aiki. Maginanmu suna zaune a nan. Tsofaffin da suka iya ɗaurin guga, wato rufin soro da azara ba ƙarfe ba siminti, suna ta ƙarewa, gidajen kuma damina na ci. Dalhatu ya bi su gida-gida ya ɗauka, ta yadda yau yaro zai sa tabarau ya tsaya ƙarƙashin rufin, a yaye masa yaɓen ya ga yadda aka jera azara. Masu ɗorinmu na Aliero sun zauna da ɗaliban likitanci, aka aza musu hoton ƙashi a kan ƙafar mutum mai rai, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da hannunsa ya sani. Sun yi gardama kamar za a doku, washegari kuma suka dawo. Ardo zai ba ku labarin yadda aka tsayar da dattawan manoma da na makiyaya cikin hoton burtali guda, kowa ya nuna inda ya san iyaka tun yana yaro, aka tashi ba a zare sanda ba.

Wanda ba na mantawa shi ne wani dattijo daga wata 'yar unguwa a wajen Mungadi, da ruwa ya cinye musu ita aka tashe su. Dalhatu ya riga ruwan zuwa, ya ɗauki unguwar. Da aka ɗaura wa tsohon tabarau ya ga ƙofar masallacinsu, sai ya sunkuya yana laluben ƙafarsa, ya cire takalmi, sannan ya taka. Muna tsaye a wurin, babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

To, jama'a, ba a taru don a yi wa mamaci ƙarya ba. Dalhatu ya yi kuskure guda, babba, kuma da yana nan da kansa zai ce in faɗa, don bai taɓa karɓar sabon ɗalibi ba sai ya fara ba shi labarin.

Gidan da ya fara ɗauka gaba ɗaya gidansu ne na Aliero, ginin kakansu. Ya zaɓi ranar da matan gidan suka tafi biki, ya shiga da na'urorinsa ya ɗauke komai, tun daga zaure har ƙuryar ɗaki. A lissafinsa, tunda babu kowa a ciki, babu laifi. Da aka yi wani baje koli a nan Jega ya kai shi. Maza suka yi layi. Kowa ya sa tabarau ya ratsa zaure, ya wuce katangar da baƙo bai taɓa wucewa ba, ya tsallaka tsakar gida, ya ɗaga labule ya shiga ɗakin Goggo Yalwa. Suka ga jerenta. Suka ga shimfiɗarta, da zanen da ta cire ta rataya a igiya kafin ta fita. Muka yi ta tafi muna cewa yaro ya yi abin mamaki.

Ranar kasuwa Alhaji Ummaru ya kawo albasa. Yana cikin ciniki, a gaban dillalai da 'yan dako, wani mutum ya dafa kafaɗarsa, shi a ganinsa yabo zai yi. Ya ce, "Alhaji, ashe gadon tsohuwa mai rumhwa na? Jiya na shiga ɗakinta, hat tasbahatta na gani rataye ga ƙusa."

Ku da kuke maza a ɗakin nan, kowa ya sa kansa a wurin. Alhaji ya bar buhunansa a kasuwa ya hau babur. Ina zauren gidan lokacin da ya iso.

Ya ce, "Dalhatu, ka shigo da ƙattin kasuwa ɗakin uwammu."

Dalhatu ya ce, "Yaya, ba kowa ciki. Hoto na."

Alhaji ya ce, "In hoto na, ƙaƙa anka yi yas san inda tasbahatta take?"

Murya ta yi sama har aka jiyo a cikin gida. Sai Goggo ta aiko a kira mata Dalhatu, na bi bayansa. Tana zaune a bakin gadon nan tana gyaran wake a faifai. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ma ɗago kai ba. Ta ce, "Dalhatu, mutanen ga da sunka shigo min ɗaki, sun yi sallama?"

Ya ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da gyaran wakenta.

Na san Dalhatu da baki, ya yi gardama da farfesoshi bai gaji ba. Ran nan ya fito daga ɗakin kamar an zare masa laka. Ya rufe shagonsa, damina guda ba a ga tabarau a hannun kowa ba. Alhaji kuwa ya rantse ba zai ƙara sauraren maganar abin nan ba. Ba su yi gaba ba, in faɗi gaskiya. Suna gaisawa, suna sallar idi a sahu ɗaya. Amma da an ambaci tabarau Alhaji zai kaɗe rigarsa ya tashi, haka aka zauna har ƙasa ta rufe idon ɗayansu.

Dalhatu ya kasance, bayan wannan, mutumin da ya sake aikinsa daga tushe. Da ya buɗe wurin nan da muke zaune, Zaure ya sa masa suna. Duk gidan da ke cikin akwatin nan, in ka sa tabarau a zaure za ka tsinci kanka, katanga a gabanka. Sai ka yi sallama. Sannan sai wanda masu gidan suka wakilta ya buɗe maka, in bai buɗe ba nan za ka tsaya har ka gaji. Cikin gida kuwa namiji bai ƙara ɗauka ba. Dalilin da ya sa Iklima ta koyi aikin ke nan, ita da 'yan matan da ta horar. Mata ke ɗauka, mata ke shiga, sai fa muharrami. Hoton gidansu na Aliero ya kulle shi gaba ɗaya. Wani masani da ya zo daga waje ya ce masa wannan tsari zai rage masu kallo, kuma babu inda ake yin haka a duniya. Dalhatu ya dube shi ya ce, "Ku garinku ba a sallama?"

Na sha tsokanarsa cewa abin nan ba zai je ko'ina ba. Yana da nauyi, yana sa jiri, kafin a gama nuna wa mutum biyar wuta ta ɗauke, janareto kuma ya ƙi tashi. Ɗalibansa in sun ƙware sai manyan birane su janye su. Masu fim suna sha'awa amma suna tsoron abin da ba su saba ba. Duk ya yarda da ni. Sai ya zaro wayarsa ya ce in tuna lokacin da ake bin layi a shago don a buga waya, yau ga ta a aljihun mai tallan rake. Ya ce haka tabaran nan zai ƙanƙance ya yi araha. Jikokinmu a ciki za su koyi fiɗa da gini, fim kuma za a daina zama a gabansa, cikinsa za a riƙa yawo. Ya ce mini, "Gado, zancen ko za shi zo ya wuce, ya riga ya taso. Abin da ar rage shi na, wa ka riƙon mabuɗi."

Yanzu bari in ba Alhaji gaskiyarsa a gaban kowa, don yana da ita. Ana zaman makoki wasu baƙi biyu suka zo, suka zauna a tabarma suka yi ta'aziyya kamar mutanen kirki. Ba su tashi ba sai da suka tambayi wa za a gani a kan maganar sayen hotunan. Wai za su yi wasan kwamfuta da su, irin wanda ake gudu da bindiga ana harbi a cikin gidaje. Gidajenmu. A kunnen Alhaji suka faɗa, ƙasar kabarin ƙanensa ba ta bushe ba. Ran nan ya sayo kwaɗo. Wallahi da ni ne, biyu zan saya. Alhaji bai tsani ƙanensa ba. Shi ya yi jinyarsa a asibiti, shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Tsoronsa shi ne mai tsaron ƙofar ya tafi, kada abin da ya faru da ɗakin uwarsu ya faru da gidajen mutanen da suka amince da Dalhatu.

Amma Alhaji, wuta ba za ta hana baƙin nan dawowa ba. Za su dawo da nasu na'urorin, ko su aiko yaranmu da kansu, kuma su ba Goggo Yalwa ce ta raine su ba. Abin da ke cikin akwatin nan shi ne shaida guda da muke da ita cewa ana iya yin aikin nan da sallama. In ya ƙone, ɗaliban da ke tsaye a bayan ɗakin nan ba su da abin da za su nuna in an ce musu ba a yin haka a duniya. Sannan akwai masallacin dattijon nan na Mungadi a ciki. Akwai soraye da yawa da yau babu su a doron ƙasa, har da naku, wanda ruwan shekarun baya ya kayar. Masu su sun ba Dalhatu amana ne, ba su ce in ya mutu a ƙone ba. Mai tsaron ƙofa kuwa bai ƙare ba. Baƙin nan sun koma wurin Iklima ta bayan fage, ku tambaye su da me ta sallame su.

Alhaji, na ga ka kaɗe riga. Don girman Allah zauna. Sau nawa na zo zaurenka a 'yan kwanakin nan, ina buɗe baki kana tashi? Kai ka bar mini nan kaɗai, gaban uban ƙasa da liman, inda kunya za ta riƙe mini kai. Saƙo ne a bakina, ba nawa ba ne, in na sauke shi ka yi abin da ka ga dama.

Jama'a, Alhaji Ummaru ɗan fari ne. Kun san yadda iyayenmu mata suke da ɗan fari, Goggo Yalwa kuwa ta fi kowa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce wancan, ko mai fadama. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In ta dafa abin da yake so, sai ta ce a kai zaure ko akwai mai ci. Mu muna shiga ɗakinta mu hau gado mu ci ƙanzo, Dalhatu har kan cinyarta yake kwanciya da girmansa. Alhaji daga bakin ƙofa yake juyawa. Na san al'ada ce, na kuma san tana son sa, amma ni taubashinsa ne, na sha ganin fuskarsa in ya juyo daga ƙofar nan.

Shekarar da za ta rasu, kafin gidan ya faɗi, ta aika aka kira mata Iklima. Ta ce, "Ɗauko abin ubanki ki taho. Ina da magana da wancan." Ta yi wanka ta sa zanenta na Sallah, ta zauna a bakin gadon nan mai rumfa. Ta sa Iklima ta kafa na'ura, sannan ta kore ta waje ta saki labule. Ta daɗe a ciki. Da ta gama ta kira ta, ta kafa mata sharaɗi. Ta ce, "Shi ɗai za shi shiga. Kuma shi yi sallama."

Babu wanda ya san abin da ta faɗa. Iklima da ta haɗa aikin, a kashe ta bar sautin. Ni na je na roƙa, na ce ɗakin nan na ci tuwo a cikinsa tun ba ni da wando. Yarinyar nan ta dube ni ta ce, "Baba Gado, ba a shiga." Dalhatu kansa, mai na'urar, mai wurin, ɗan autanta, shekara da shekaru abin yana hannunsa. Na san akwai ranakun da kewar uwarsa ta ishe shi, ya sa tabarau ya je ya tsaya a zauren gidansu, ya gama tsayuwarsa ya cire. Ya koma ga Allah bai ɗaga labulen nan ba. In kuna neman abin da za ku tuna shi da shi, ku tuna wannan.

Alhaji, Dalhatu ya bi ka har fadama don ya gaya maka, yana cewa tabarau ka tada babur. A asibiti, ranar da ka fita neman magani, ya kama hannuna ya ce, "Gado, kai ad da baki. In na tahi, ka hwaɗa mai."

To, bari in aje Hausar takarda in yi maka ta gida. Ummaru, na hwaɗa ma. Ba ni ce kak ka ƙone ba, mabuɗi na aljihunka, ashana ma in ba ka da ita ni ara ma. In rantsuwa ta ad dame ka, ga liman nan zaune, shi hwaɗa ma kaffara, in azumi na ni kama ma. Abu guda nika roƙo. Tsohuwag ga ta yi shekarunta dut tana kallon bango in kana magana. Sau guda taj juyo, tana zaune bakin gado tana jiran sallamakka. Mutanen kasuwa sun shiga ɗakin nan ba su yi sallama ba, abin ya ƙone ma rai hay yau. Kai da anka ce ka yi sallama ka shigo, wuta za ka aza ma ɗakin? Shiga ka jiya. In ka hito ka ga ƙonewa ta dace, ni da kaina ni ka ɗaukam ma akwatin.

Shi ke nan abin da ke bakina.

Iklima, tashi. Babanki Ummaru yana miƙo miki mabuɗi, sa hannu biyu ki karɓa. Haidar, matso masa da kujerar nan, ka share masa wuri kada ya yi karo da tebur, ni na san abin da tulu ya yi mini.

Sauran jawabin da na shirya na yafe shi. Mun gode wa mai girma uban ƙasa da malamanmu, mun gode wa duk wanda ya bar gonarsa ko ajinsa ko shagonsa ya zo. Hajiya Zulai, in kina ji, mun gode da haƙurin da kika yi da mutumin da ya mai da ɗakinki ma'ajiyar wayoyi, Allah ya ba ki ladan zama da shi. Ɗalibansa, aiki ya dawo wuyanku, kada ku buɗe ƙofar da ba a ce ku buɗe ba.

Ya Allah, ga bawanKa Dalhatu ya zo maKa. Ya yi kuskure ya gane, ya ƙare rayuwarsa yana gyara. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka jiƙan Goggo Yalwa da duk magabatanmu. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka haɗa kan zuriyarsu, Ka tsare mana sirrin gidajenmu a zamanin da ke tafe. Ya Allah, ya tsaya a zaure bai shiga inda ba a yi masa izini ba. Ranar da zai yi sallama a ƙofar Aljanna, Ka sa a amsa masa, a ce ya shigo. Mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin. A shafa fatiha.

Ranka ya daɗe, malam liman, jama'a, ina neman alfarma ta ƙarshe. Alhaji ya cire takalminsa. Ku tashi mu fita waje gaba ɗaya, har ni, a ja ƙofa. Mutum zai gai da uwarsa.